Daminar da Ɗan Wana Ya Daina Gajiya

Da wana ya rasu, na ɗauko ɗansa daga Malumfashi na kawo shi gidana a Maska. Shekararsa goma sha shida, siriri, mai son barci. Na ce wa uwarsa karatu zan sa shi. Gona na sa shi, domin 'ya'yana duk suna makaranta a Funtuwa, ga masara da waken soya suna jiran hannu.

Noman farko bai yi abin kirki ba. Kunya biyu sai ya tsaya ya riƙe ƙugu. Na zage shi gaban 'yan ƙwadago, na ce uban da ya haife shi ma rago ne. Ya koma zama cikinsu lokacin hutu.

Da maimai ya zo, yaro ya canza. Yana kama fartanya tun hantsi har la'asar, bai miƙe ba. Matata ce ta fara magana. Ta ce tuwonsa yana dawowa kamar yadda ta zuba, ga shi kullum yana susar hannu da wuya, idanunsa sun ƙanƙance, baki a bushe. Ta ce da yamma kuma sai ya zauna da robar lemo yana kurɓa, maganarsa na jan ƙafa, alhali bai taɓa tari ba amma warin maganin tari ke tashi a ɗakinsa. Na ce mata ta kula da tukunyarta.

Ni ma na gani. Na tsinci bawon ƙwayar tramol a gindin kunya, na taka shi da ƙafa na tura cikin ƙasa. Ciyawa ta ci rabin waken, kuma yaron yana aikin mutum biyu. Na ce a raina bayan girbi zan yi masa magana.

Bai kai girbi ba. Wata ranar Laraba da azahar ya faɗi tsakiyar masara, yana jijjiga, kumfa da jini a bakinsa, ya ciji harshe. 'Yan ƙwadago suka ja baya suna kallona. Na jira ya farfaɗo, sannan na karyo reshe na dake shi har ya kasa kare fuskarsa, ina faɗa da ƙarfi cewa ya ɓata mini suna, don kowa ya shaida ban sani ba.

Washegari na ɗora shi a babur, aka ɗaure shi da zane a bayan mai tuƙin, na bi su har ƙofar uwarsa. Ta duba bayansa, ta duba bakinsa. Ba ta yi kuka ba.

"Baffansu, tun yaushe ka lura?"

"Jiya," na ce.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi mini godiyar riƙo ta shige da shi.

Yana nan da rai. Makaranta bai koma ba, harshen kuma bai daidaita ba. Bara na haɗu da shi a kasuwar Funtuwa, riga a yage, yana zaune gefen masu lodin buhuna. Ya taso da ƙyar ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Baffa, ya gona?"

Na ce lafiya lau, sauri nake. Abokin tafiyata ya tambaye ni ko wane ne, na ce wani yaron garinmu ne.