Doyar da ba ta wuce Yendi ba

Tun ranar da aka kawo mini atamfar bikin nan raina bai so ba. Wai anibasari. 'Ya'yan Azara ne suka ɗauko abin daga Kumasi, suka ce iyayensu sun cika shekara arba'in da aure, sai an kafa rumfa an yanka sa, kowa ya ɗinka yayi, wato tufafi iri ɗaya. Mu a Salaga mun san suna, mun san ɗaurin aure, mun san sadakar mamaci, amma ba mu san a tara jama'a don mutum biyu sun daɗe a gida ɗaya ba. Sai dai Azara ƙawata ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka na kai wa tela.

Azara 'yar Bawku ce, 'yar wani baduku mai ɗinka takalma a bakin kasuwa. Mahamudu ya gan ta lokacin da yake bin lorin doya. Shi jikan fataken goro ne, kuma ba zai bari ka gama gaisuwa ba sai ya gaya maka, ko da yake goron ya daɗe da barin gidansu, doya ce ta rage. Ita ma ta so shi, wannan ba ƙarya. Tsohon baduku bai tsawwala masa ba. Al'ada ce dama in sabuwar doya ta fito suruki ya kai wa iyayen matarsa gaisuwa, ga shi Bawku ba ƙasar doya ba ce. Abin da tsohon ya ƙara kawai shi ne, in zai kawo doyar ya haɗo da yarinyar su gan ta. Mahamudu ya dafa ƙirji ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne.

Shekarar farko sun tashi kuwa. Azara ta sha lalle, aka zaɓo doya irin puna, manya masu kyau, aka ɗora a mota. A Yendi ake canjin mota, aka yi rashin sa'a ranar kasuwa ce. Masu saye daga kudu suka ga punar nan suka yi tayi, Mahamudu ya ji farashi, ya sayar. Da ya gama cusa kuɗin a aljihu sai ya tuna da kunya: wai ta yaya jikan fatake zai shiga gidan surukai hannu rabbana? Suka juyo gida. Shekara ta biyu ma haka aka yi, a tashar nan dai, tana zaune a kan ƙunshin kayanta tana kallo. Daga nan ba a sake ko tashi ba. Yau hanya ta lalace, gobe yara ƙanana ne. Ko wankan haihuwar fari uwarsa ce ta ce ita za ta yi, ba sai an je gida ba. Da rikici ya ɓarke a Bawku kuwa, sai ya samu hujjar da ba ta ƙarewa, yana jan ta har a shekarun da garin yake zaune lafiya.

Ni Adisa sana'ata albasa, daga Bawku nake saro ta, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Da idona na ga uwar Azara tana share wani lungu a zaure duk kaka, tana zuba yashi don a jera doya kada ta ruɓe. Ni nake kai gaisuwa, ni nake dawo da daddawa da takalman yara. Na sha ce wa Azara ta biyo ni, sai ta ce mace ba ta fita sai da izinin miji, ta je ta tambaya, a ce mata baɗi. Tsohon ya rasu, labari ya zo bayan an rufe shi, Mahamudu ya ce sai sadakar arba'in. Arba'in ta zo daidai lokacin haƙar doya. Da uwar ta bi, aka sake karanta mata wannan karatun.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin ba mugu ba ne da za ka zage shi ka huta. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar ta da yunwa ba, da ta kwanta ciwon ƙafa shi ya riƙa dafa mata ruwa. Kawai dai a wurinsa gidansu Azara wani wuri ne da zai jira. Ita kuma ta yi shekarun nan tana soya doya a bakin tasha, tana naɗe wa matafiya a takarda, motocin Yendi suna tashi a gabanta. Yanzu mutum ɗaya ya rage mata, yayarta Zuweira, ido ya tafi, ƙafa ta kumbura. A watan jiya Zuweira ta ce mata a waya in za ta zo ta zo, ba ta son a zo mata gaisuwar mutuwa.

Ranar biki aka cika rumfa. An tara sabuwar doya a gefe, za a raba wa baƙi. Liman ya yi addu'a, babban ɗansu Faruq ya yi ta zuba Turanci, sannan aka miƙa wa ango lasifika. Ya gyara babbar riga ya ce yana so 'yan matan yanzu su buɗe kunne.

"Shekara arba'in, matar nan ba ta taɓa yi mini yaji ba. Ko sau ɗaya ba ta kwana gidan ubanta ba. Ko sau ɗaya."

Aka ɗauki tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ji na yi kamar in kifar da teburin. Wato abin da ya hana ta ne ya mayar abin ado ya rataya mata a wuya, mutane suna cewa masha Allah.

Azara ta miƙe a hankali saboda ƙafar nan. Ba ta karɓi lasifika ba, amma wurin ya yi tsit har na baya sun ji.

"Alhaji, gaskiya ka faɗa. To ga Liman ga jama'a, izini nake nema. Zan je in ga Yaya Zuweira."

Ya yi dariyar yaƙe ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a bari a gama haƙa su tafi tare.

"Tare muka tafi sau biyu, a Yendi muka ƙare. Da Adisa zan tafi, yau."

Ya dubi Liman, Liman ya dubi ƙasa. Kunyar da ta hana shi shiga Bawku, ita ce ta matse shi a gaban baƙinsa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ba ta tsaya yanka kek ba. Ta je tsibin doyar nan ta zaɓi puna da hannunta ta cika buhu, muka hau motokin, babur mai ƙafa uku, zuwa tasha da yayinmu a jiki.

A Yendi muka kwana gidan 'yar'uwata. Da safe muna jiran mota sai ga wani ya tsuguna yana latsa buhun, ya ce nawa. Azara ta ce ba ta sayarwa ba ce, ya tashi ya yi gaba. Ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ta ce mini ashe iyakar abin da za a faɗa ke nan. Daga nan muka hau mota, muka gangara dutsen Nakpanduri zuwa Bawku.

Mun tarar da Zuweira da rai a gidan iyayensu. Yaran gidan suka shiga da gudu suna cewa an yi baƙuwa. Tsohuwar ta shafa fuskar ƙanwarta, ta shafa buhun, ta ce a kai zaure. Babur ɗin wani jika ne a lungun doyar yanzu, aka tura shi waje. Sun yi kuka, ni ma na yi. Da suka natsu Azara ta tambaya ko Baba ya tafi yana fushi da ita. Zuweira ta ce ko kaɗan.

"Har ya rasu, duk wanda ya tambaye shi ina 'yarsa, cewa yake kuna Yendi, kun kusa isowa."

Ana cikin haka wayar Azara ta yi ƙara. Mahamudu ne, ya rasa inda ake ajiye maganin hawan jininsa. Ta gaya masa yana cikin kwanon da ke saman kabad. Ya ce to yaushe za ta dawo. Ta share fuska da bakin mayafi.

"In sabuwar doya ta fito, Alhaji," in ji ta, ta kashe wayar.