Wutar da ta fito a hoton Inna

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar mahaifiyata hoto a duniya, kuma ni na ɓata shi da hannuna. Gara in faɗa tun yanzu, ba na son kewaye-kewaye.

A shekarun saba'in ne, lokacin garin nan namu Abuja ake ce masa, kafin a ɗauke sunan a kai wa manya a bar mu da Suleja. Ina ɗinki a bakin kasuwa, kusa da shagon wani Bayarabe mai hoto. Da daminar shekarar Inna ta kama tari, na ga tana ramewa, sai na roƙe ta a yi mata hoto. Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi: ba za ta je shago ba, kuma baƙon namiji ba zai shigo mata gida ba. Shi ya sa mai hoton ya ba ni aron kyamararsa.

"Fim mai kala ne a ciki, sabon yayi," in ji shi. "Ka ba rana baya, ka danna nan, ka murɗa nan."

Bai ce kar in buɗe bayanta ba. A ganinsa kowa ya sani. Ni kuwa a aji huɗu na bar makaranta.

Da hantsi Inna ta ɗaura shuɗiyar atamfa, ta yafa farin mayafi, ta zauna a gindin mangwaro. Na danna sau uku. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan, ka tabbata na shiga? Kar ka sa ni kwalliyar banza."

Sai na ɓalle murfin baya, a tsakiyar rana, in duba mata. Ban ga komai ba sai wani abu kamar ƙyalle mai santsi. Na rufe da sauri.

"Kin shiga, Inna."

A Kaduna ake wanke mai kala, sai an yi makonni. Inna ba ta jira ba. Ranar sadakar bakwai mai hoton ya aiko da ambulan, ni kuma don wauta ban duba ba, na shiga da shi cikin gida inda mata suka cika, na buɗe a gabansu.

Biyu sun ƙone, na uku ne ya fito. Wani ja kamar garwashi ya taso daga gefen dama, bakinsa rawaya, ya bi ta kafaɗarta ya cinye fuskar. Farin mayafin ya koma kore-kore kamar ruwan kududdufi. Ganyen mangwaron ya yi launin hanta. Ga hannunta a kan gwiwa ras, har da zobenta, amma daga haɓa zuwa sama wuta ce kawai take ci.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta leƙo ta kafaɗata.

"Innalillahi! Wuta ce! Jama'a ku zo ku ga abin da aka nuna mana!"

Kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Matar da take azumin Litinin da Alhamis, wadda ko kazar maƙwabta ba ta taɓa jifa ba, wai ita ce aka gani a cikin wuta. Waɗanda suka ci wainar sadakarta da safe su ne suke raɗa suna tambayar ko me ta ɓoye.

Na je shagon na ci kwalar mai hoton. Ya ɓamɓare hannuna, ya ɗaga fim ɗin ya duba a hasken ƙofa.

"Malam tela, ka buɗe baya?"

Ya dube ni, ya sake duban fim ɗin.

"Ka buɗe! Haba! Rana ce ta shiga. Babu ruwan lahira a nan, aikinka ne."

Na koma na gaya wa Gwaggo. Ta taɓe baki ta ce, "To, ɗan nan, ai rufin asirin uwa wajibi ne." Wato ƙarya nake yi.

Mai hoton ya ji tausayina. Ya shiga ɗakinsa mai duhu ya buga hoton a takardar baƙi da fari, ko fuskar za ta fito. Ya miƙo mini, na duba. Jan nan duk ya tafi. A wurinsa wani fari ne tas, kamar an kunna mata cocila a fuska, yana bazuwa har cikin ganyen.

Na kai gida na ajiye a gaban Gwaggo. Ta duba, ta dafe ƙirji.

"Allahu Akbar! Haske! Ni dama na faɗa, baiwar Allah ce wannan."

Bakin da ya jefa ta wuta shi ya fito da ita, kuma fim ɗin ɗaya ne. Har leƙowa aka riƙa yi ana neman tabarraki. Na ƙyale su, tunda sunanta ya wanku.

Amma fuskar ba ta fito ba, a jan ko a farin. Yanzu 'yata takan ce, "Baba, wai da gaske hancin Inna gare ni?" Sai in ce e. Gaskiya kuwa na daɗe da mantawa.