Wahabu Ba Ya Wuce Dattijo a Kan Keke

Wahabu ɗan Kawu Saani ya sauka Landan a 1983 da akwati ɗaya da ƙafafu biyu masu tsawon turken lantarki. A zongon Kumasi, unguwar Hausawa, aka haife shi, a can ya koyi tuƙi a kan keken babansa, wanda ba shi da birki sai tafin ƙafa. Tare da keken aka koya masa doka guda: ba a wuce babba ana kan sirdi. Kun haɗa ido da mai furfura, ka sauka, ka rusuna, ka gaisa, sannan ka hau. Sau ɗaya ya manta yana shekara tara, Kawu Saani ya ja masa kunne. Har yau na hagun ya fi na dama tsawo, duk dangi shaida ne.

Ya sami ɗaki a Tottenham, ya sami aikin kai takardu a kan keke wajejen Charing Cross. Dokar ba ta wahalshe shi ba, don mutanen Landan ba sa haɗa ido da kowa, ko da uwar da ta haife su. Sai dai ranar da aka aike shi ofishin jakadancin Nijeriya, inda alhazai ke layi. Nan wasiƙar minti goma takan kai la'asar.

A 1989 abokin aikinsa Trevor, wani Bature mai ɗan kunne ɗaya, ya sa shi ya sayi keken hawa dutse. Taya kamar ta tarakta, giya goma sha takwas. Duk Lahadi su biyu sai dajin Epping, su dawo taɓo har gira. A bahon wanka Wahabu yake wanke keken, 'yarsa Safura tana ihu daga ƙofa, "Mum, it's in the bath again!"

"Baban Safura," matarsa Hamdatu ta ce, "Litinin zuwa Juma'a keke, hutun ma keke? Ko shi ka auro, ni aka ba ka gyara?"

"Keke bai surutu," in ji shi.

Trevor ne ya nuna masa hoton wata siririyar hanya a duwatsun Alps na Faransa. A wajen masu wannan wasa, ba a ce ka hau ta ba sai ka je daga gindi har ƙoli ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Trevor ya gwada sau biyu ya kasa. Wahabu ya manna hoton a jikin firij, ya shekara biyar yana kallonsa kullum kafin ya sha shayi. Duk tudun da ke arewacin Landan ya hau shi, har sai da tuddan suka fara lotsawa.

Sai gwiwar dama ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Likita ya duba ya ce za a yi aiki a watan Oktoba, bayan aikin kuma babu shi babu dutse. Wahabu ya dawo flat ɗin da suke zaune ya tsaya gaban firij ya ce, "Na yi booking." Agustan 1995 ke nan. Dama ɗaya ta rage masa, ya kuma sani.

Da suka isa Faransa shi da Trevor, suka fara hawa da hantsi. Hanyar shiru, babu mota, babu mutum, sai kukan sarƙa da ƙararrawar shanu can nesa da numfashinsa. Itatuwa suka ƙare, ciyawa ta gajarce, iska ta yi sanyi. Da aka ci rabi Trevor ya dire ƙafa, ya zagi dutsen, ya biyo baya yana turi don ya zama shaida. Wahabu bai waiwaya ba. Gwiwar tana ci kamar an zuba mata yaji, shi kuwa yana murza feda, ido kan tayar gaba.

Ya hango tarin duwatsun da ke nuna ƙoli, saura kamar tsawon filin ƙwallo. A bakin hanya kuwa, gefen kwamin shan ruwan shanu, ga wani tsoho zaune da sanda, gemu fari fat. Wahabu ya sunkuyar da kai, ya yi abin da ya koya a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Amma wannan ba ɗan Landan ba ne. Tsohon ya cire hula, ya ɗaga murya ya yi masa gaisuwa da Faransanci. Ido ya haɗu. Kunnen hagu ya ɗau zafi. Ƙafa ta sauka.

"No!" Trevor ya kurma ihu, har shanu suka ɗago kai.

Wahabu ya jingine keke, ya rusuna iya inda gwiwa ta yarda. "Sannu Baba. Ina gajiya? Yaya shanu?" Tsohon ya amsa da doguwar magana, ba wanda ya fahimci wani. Ya zaro wuƙa ya yanka masa cuku, suka zauna suna taunawa suna kallon kwari.

Trevor ya iso yana haki. Ya ce wa Wahabu ya koma baya kaɗan ya sake hawa, shi bai ga komai ba.

"Ƙafa ya taɓa ƙasa," Wahabu ya ce. Ya tura keken zuwa ƙoli da hannu.

Washegari gwiwar ta kumbura ta yi kabewa, ba zancen sake gwadawa. Oktoba aka yi aiki. Kamfanin ya mayar da shi ofis, yana aika wasu masu keke ta rediyo. Keken yana rataye a lungun flat, Hamdatu na shanya safa a jikinsa. In aka tambaye shi labarin Alps, dutsen bai fi jimla biyu ba, sauran duk tsohon ne da shanunsa talatin da ɗaya.

Zuwa 1999 shi ma furfura ta fito masa. Ranar wata Juma'a ni da shi muna dawowa daga masallaci yana ɗingishi, wasu samarin zongo uku suka shararo da kekuna ta High Road. Sun gan shi sarai, ɗaya har ya ɗaga masa hannu, "Uncle!" Ba wanda ya sauka. Ya bi su da ido har suka sha kwana.

"Na bayan nan," ya ce, "sarƙarsa yana son mai."