Ramukan Shuni Shida na Alhaji Iro

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban kurɓa ba, aka bugo mini waya daga Ketare cewa Alhaji Iro marini ya rasu.

Shi ya koya mini rini. In toka ta tsattsaga mini hannu, da kansa yake shafa mini man kaɗe, yana tsokanata wai hannun 'yan birni gare ni.

A ƙarshen shekarun 1950 ramuka biyu gare mu. Sai fatake suka fara kawo oda har ta fi ƙarfinmu. Alhaji ya haƙa sababbi huɗu, ya ɗauko ƙarin ma'aikata, ciki har da wani magidanci Tanko daga Sabuwa.

Sai kaya suka fara dawowa. Wanki ɗaya, shuni ya zube.

Ni kuwa kun san halina da zargi. Na sa wa Tanko ido. Me ya sa yake riga kowa zuwa? Me ya sa ramukan da yake motsawa suka fi lalacewa? Na ce wa maigida marinan garinsu ne suka turo shi ya kashe mana kasuwa. Ban bar maganar ba sai da aka sallame shi. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

Watan jiya Alhaji ya aiko in je. Har a mota ina saƙe-saƙe: me tsohon nan ke nema?

Ya riƙe hannuna ya ce, "Mamman, Tanko bai yi komi ba. Ni kaɗai ke haɗa ramu, ka sani. Ganyen baban rini bai isa ba, na rami huɗu na raba shida, don kar hwatake su koma wurin wani. Kunya ta hana ni hwaɗi. Tanko ya riga mu gidan gaskiya, amma ka tahi ka shaida ma iyalinshi."

Na ce to. Ban je ba. Na yi ta cewa ƙila tsufa ne ya ruɗa shi.

Ƙarya nake wa kaina. Kunyar da ta rufe masa baki ita ta riƙe mini ƙafa.

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya yafe masa, Ya jiƙan Tanko. Ku taya ni da addu'a. Kuma duk wanda ya san jikokin Tanko marini a Sabuwa, ya nuna musu wannan fostin: kakanku bai ci amanar kowa ba, ni na ɓata masa suna.