Ranar da Kawu Ya Tsaya Wasa Wuƙa

Ɗazu na ji maƙwabcina yana wasa lauje a bayan danga, sai ƙarar dutsen ta tuna mini da marigayi kawuna. Shi ba kowane ƙarfe yake kira wuƙa ba. In ta dakushe, sunanta ƙarfe har sai an wasa ta. Yakan ce tsini na huda ne, kaifi na yanka. A gashin hannunsa yake gwada kaifi, shi ya sa hannunsa na hagu kullum sumul yake.

Shekarar da gero ya ƙi, sanmu guda da ke jan guga ya faɗi a bakin rijiya ta hanyar Birnin Lalle, yana shure-shure. Na zaro wuƙata in yanka shi kafin ya zama mushe. Kawu ya karɓe ta, ya shafa bakinta da babban yatsa.

"Da wannan? Ai gurza masa wuya za ka yi."

"Kawu, rai na fita! Gida ko tsaba babu."

Ya juya wa san baya don kada ya ga ƙarfen, ya tofa yawu a dutse, ya shiga washi a natse. Kafin ya gama, san ya daina motsi. Muka ja shi daji muka bar wa ungulu.

Na yi wata ban gaishe shi ba, shi ma bai ba ni haƙuri ba. Abin da ya ce kawai, "Wanda ya shayar da mu shekara bakwai ba a sallamarsa da azaba."

Allah Ya sa an zare nasa ran da sauƙin da ya so wa san nan. Allah Ya jiƙansa.