Sammani da Ƙarfen da Ya Rasa Gabansa

Kowace safiya Malam Sammani zai taho daga unguwar Albarika a keke, ya buɗe ɗakin kimiyya na lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Paraku, ya share, ya goge wani akwati. Shekara ashirin da shida ke nan, ga shi bana yana ajiye aiki.

Akwatin nan ya so ya ci aikinsa. Wani malami Bafaranshe, irin waɗanda muke kira mushe, shi ne ya bar shi bayan samun 'yancin kai: sandunan maganaɗisu uku a kan ƙusa, an kafa su kamar duwatsun murhu, kowace sama take kallo ko ƙasa. Biyu su natsu, ta ukun ta yi ta reto.

Sabon direkta, Mushe Labaran, ya ce, "Kai ka lalata shi. Ka gyara kafin Litinin, ko ka ajiye makulli."

Sammani ya ruɗe. Ya hau kamiyo, babbar motar kaya, a tashar Gar sai garin Jugu, wurin Ɗanbala maƙeri. Suka sake ƙusa, suka sa mai. A banza! Wani dattijo ma ya ce ai abin nuna alƙibla ne, shi ya sa ya ƙi zama hannun Nasara.

Cikin haushi Sammani ya cire sanda ɗaya. Sauran biyun suka tsaya cak, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ya mayar, ya cire wata. Haka dai.

Ranar Litinin ya roƙi direkta da malamai biyu su kewaye tebur kamar sandunan nan uku, ya ce: "Doka ɗaya ce: in maƙwabcinka na tsaye, ka zauna. In yana zaune, ka tashi."

Mushe Salihu ya tsaya, Malama Zuwaira ta zauna. Direkta ya zauna, ya dubi Zuwaira, ya miƙe, ya dubi Salihu, ya maƙale a tsakani.

"To ni yaya zan yi?"

"Ranka ya daɗe, abin da ƙarfen ke tambaya ke nan."

Daga baya masana suka ce haka ƙananan maganaɗisu ke fama a cikin wasu duwatsu. Wallahi har yau kaina bai gama ɗauka ba.

Amma kai ne, Sammani, gagara-kora, ka nuna mana ba duk mai reto ne lalatacce ba. Yara nawa aka ce daƙiƙai ne, ka zaunar da su gaban akwatin nan har suka daina kuka? Mun gode, Allah ya saka. Ku da za ku karɓi makullinsa, ku yi koyi da shi. Kuma don Allah kada wani ya gyara akwatin.