Sadaukin da Ya Ƙona Rumbunan Garinsu

Shekarar da na gama sakandare a Gaya, ina zaune a gida Toranke ina jiran sakamako, Baba ya faɗo daga amalanke ya karye a cinya. Farkon damina ne, an gama shukar gero ke nan. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce kada ya kuskura ya taka ta sai ya ba da izini. Aka yi masa shimfiɗa a rumfar tsakar gida. Mutumin da bai taɓa wuni a gida da damina ba, sai ga shi kwance yana kallon hadari na wucewa. Faɗa ya dinga yi, da kaji, da hayaƙin murhu, da mu.

A lokacin ina fama da wani littafin yaƙi da wata ƙawata 'yar Gaya ta ara mini, mai kauri, bangonsa duk ya yage. Labarin wata ƙasa ne da sarkin matsafa ya ɗaure ranarta, mutane suka shekara da shekaru cikin duhu, maridai na yawo a kan hanyoyi. Jarumin kuwa ba irin waɗanda na saba karantawa ba ne. Maƙaryaci ne, ga zafin zuciya. Shi ya buɗe wa abokan gaba ƙofar garinsu don a sakar masa 'yarsa, kuma duk da haka yarinyar ta mutu.

Wata la'asar muna ɓarar gyaɗar iri, Inna ta ce, "Wai me ke cikin takardar nan da kike ta tsaki ke kaɗai? Karanto mu ji."

Baba ya ce, "Tatsuniya da rana tsaka. Allah ya kyauta." Ya juya fuska bango.

Na soma karantawa. Inna tana ɓara tana salati duk inda aka sare kan wani. Baba bai ko motsa ba, har na ɗauka barci yake. Aka kashe dakaru, aka rushe ganuwa, shiru. Sai ranar da muka zo inda sadaukin ya cinna wa rumbunan garinsu wuta don kada maƙiya su samu abinci. Nan muka ji murya daga bango.

"Da hatsin a ciki?"

Na ce, "Da shi, Baba."

Ya yunƙura ya juyo, har ya fama ƙafar. "Wannan ba mutum ba ne! Ka kashe mayaƙi, to, yaƙi ne. Amma guminsu na shekara? Yaran garin me za su ci? Uwata, ci gaba, in ga ƙarshen ɗan banza."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Daga ranar, da an idar da sallar la'asar shi ke fara nemana.

Inna ita tausayin sadaukin take ji. Kullum maganarta ɗaya: "Maraya ne fa, Malam. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa faɗa." Da aka zo inda ya goya wata tsohuwa makauniya ya haye da ita kogin da ke cin mutane, sai ta ajiye faifai ta dubi Baba. Ya ce goyon tsohuwa ɗaya ba ya cika rumbu.

Akwai mai sauraro na uku da ban lura da shi ba da farko. Baffa ne, ƙanen Baba. Tun ina ƙarama ya sayar da shanun huɗar gidanmu ba da sanin kowa ba, ya tafi kudu. Ya daɗe can, ya dawo hannu rabbana, ga tari. Aka ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Inna na aika masa abinci, Baba kuwa amsa sallama kawai ke haɗa su. Wata rana na ɗaga kai na hango shi zaune kan turmi a bakin zaure, ya sunkuyar da kai. Washegari turmin ya ɗan matso.

Baffa bai taɓa sa baki ba sai ranar da sadaukin ya koma kusa da garinsu, ya tsaya daga nesa yana kallon kufai. Baba ya ce, "Kunya ta hana shi ƙarasawa. Wanda ya ƙona rumbu ai ba a yafe masa."

Baffa ya yi gyaran murya. "Shi ma bai nemi a yafe masa ba, Yaya. So yake kawai ya ga ko akwai sauran masu rai."

Inna ta shiga tattara ɓawon gyaɗar da ta riga ta tattara. Baba ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, "Karanta, Uwata."

A kwanakin ne ciyawa ta taso wa gonar Baba, yana kwance yana lissafin wanda zai roƙa. Sai wani maƙwabcinmu da ya zo dubiya ya ce ai gonar tas take, Baffa ke sammako da fartanya yana nome ta. Da la'asar ɗin ranar, na buɗe littafi zan fara, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Dakata. Mutane ba su cika ba."

Muka zauna jira har Baffa ya shigo, ƙafafunsa duk laka, yana tari. Inna ta miƙa masa ruwa a moɗa. Wannan karon a gefen tabarma ya zauna.

Ƙarshen littafin bai yi wa kowa yadda yake so ba. Sadaukin ya kashe sarkin matsafan, rana ta fito, amma ya dawo da raunin da ba ya warkewa. Ya ja jiki har ƙofar garinsu da aka sake ginawa, waɗanda suka tsira suka gane shi, suka rufe ƙofa. A gindin ganuwa ya cika, mutane na ciki suna murnar ganin rana.

Na rufe littafin. Inna tana share hawaye da bakin mayafi. Na ɗauka Baba zai ce Allah ya ƙara.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ko ruwa ba su ba shi ba?"

Na ce babu.

Baffa ya ce, "Marubucin ya yi daidai. Abin da ya shuka ke nan."

"Bai yi daidai ba!" Baba ya daki tabarma. "Wane irin gari ne wannan? Da ni ne mai garin, ban ce na manta ba, amma ƙofa dai sai an buɗe. Ɗan gari ne. A ina za a binne shi in ba a nan ba?"

Baffa ya tashi ya ce zai duba akuya. Da Inna ta sauke tuwo bayan magariba, a kwano ɗaya ta zuba na mazan, ba ta tambayi kowa ba, babu kuma wanda ya ce ta raba.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da mai ɗori ya kwance ƙafar. Baba ya ce gona zai fara gani. Ya riƙe sanda a dama, ya dafa kafaɗar Baffa da hagu, ni ina biye da su da buta. Tafiyar da ba ta da nisa ta ɗauke mu hantsi guda, don kowane ɗan taku sai Baba ya huta, ko Baffa ya tsaya tari. Da muka isa, Baba ya bi kunya-kunya da ido, ya ce noman ya yi, sai dai an bar tazara da yawa wajen shukar waken. Baffa ya ce haka ake yi a inda ya zauna. Suka tsaya nan suna musu a kan wake, ni kuwa na samu inuwar tsamiya na zauna.